Ari Ƙas da Haƙoran Wucin Gadi

"Ni fa daga Malam Madori har Kirikasamma babu ƙwayar shinkafar da ta isa ta yi mini ƙarya! In na ɗora mata haƙori sai ta faɗa mini ranar da aka yanke ta, da kwanan da ta yi a shanya, da sunan ragon da ya kwashe ta ba ta bushe ba."

Mai wannan cika baki, ɗan'uwa, shi ne Ari, dillalin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a kasuwar Haɗejiya, wanda yaro da babba ke kira Ari Ƙas. Gajere ne mai tumbi, hula kullum a karkace, kuma in yana magana da kai sai ka ɗauka da wani yake a ƙetaren kogi. Sana'arsa a baki take. Ka san shinkafar rani gab da faɗuwar damina ake yanke ta, kowa na sauri. Wani ya shanya tasa ta bushe, wani ya ɗura ta a buhu da danshinta don ta yi nauyi. To yadda ake ganewa a kasuwa shi ne a ɗauki ƙwaya ɗaya a cije da haƙoran gaba. Busasshiya ta ce ƙas ta rabe biyu, mai danshi kuwa ta lotse ba ƙara. Kowa ya iya wannan, in dai yana da haƙori. Amma Ari ya mayar da abin wani ilimi mai zaman kansa. Sai ya sa an yi tsit, ya nannaɗe hannun riga, ya lumshe ido, ya yage leɓe har kowa ya ga dasashi, sannan ya cije, ya karkata kai yana saurare kamar mai jiran sakamakon zaɓe a rediyo.

Bana sai ga babbar magana ta taso. Wani kamfanin casar shinkafa na Kano ya aiko cewa zai riƙa sayen shanshera kai tsaye daga ƙungiyar manoma, kuma yana son mutum ɗaya tak da zai riƙa tantance kowane buhu kafin a ɗora a mota. Duk wanda ya samu wannan kujera ya zama ƙofa, ba buhun da zai wuce sai ta hannunsa. Mutum biyu suka fito nema, Ari da Safiyanu. Shi Safiyanu matashi ne mai sanyin magana da ya karanta aikin gona, yana da wata 'yar na'ura kamar gwangwanin madara, a zuba mata ƙwaya ta nuna yawan danshi da lamba. Aka ce da an gama yanka wakilin kamfanin, Alhaji Abdulfattah, zai zo ya gwada su a gaban jama'a, ya zaɓi ɗaya.

"Gwangwani!" in ji Ari. "Ni za a haɗa da gwangwani? Ranar da batir ya mutu fa? Ni nawa batir ɗin tun na haihuwa ne, ko sau ɗaya ba a canja ba."

Kwana biyu da faɗin haka ya tafi duba wata gona a fadamar Kirikasamma, ya shiga kwale-kwale. Mai fito ya ce kowa ya zauna. Ari ya ce shi jikan masunta ne na bakin Tafkin Chadi, kakanninsa a tsaye suke barci cikin jirgi. Bai rufe baki ba jirgin ya daki tudun yashi, gogan ya tafi da fuska ya sumbaci katako. Da ya ɗago, haƙoransa biyu na sama, na tsakiya, manyan ma'aikatan kamfaninsa, sun riga shi sauka. Har yau suna can wajen tarwaɗa.

Sati huɗu ya yi yana yawo da takunkumi a fuska yana cewa mura ce, a cikin zafin da ko kare ba ya fita rana. Sai da ciwon ya warke, ana saura kwana goma zuwan Alhaji, matarsa Yakaka ta ja shi zuwa wani asibitin haƙori a cikin gari. Likitar mace ce, Dakta Adila, siririya mai tabarau. Ari ya dube ta sama da ƙasa.

"'Yar nan, ina babban likitan?"

"Ni ce, Baba. Buɗe baki."

Ta duba, ta ce za ta yi masa abin da suke kira gada. Haƙorin dama da na hagun giɓin su ne ginshiƙai, sai a ɗora huɗu a haɗe, biyu su hau kan ginshiƙan, biyu su rufe tsakiya. Ta yi masa allurar kashe zafi, ta ɗauko wani ɗan inji mai kukan sauro ta kankare ginshiƙan nan har suka koma 'yan turaku. Ta cika masa baki da wani kwaɓi mai sanyi kamar ƙullin ɗanwake don ɗaukar awo. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka ga Ari ya yi minti uku bai yi magana ba. Can ta manna masa wasu haƙora huɗu farare sol, ta miƙa masa madubi.

Kai, ɗan'uwa! Ari ya ga kansa ya koma saurayi. Ya yi murmushi ta dama, ya yi ta hagu, ya gyara hula.

"Baba, ka saurare ni da kyau," in ji Dakta Adila. "Waɗannan na wucin gadi ne, roba ce. Aikinsu kawai su rufe turakun nan, don iska da ruwan sanyi kada su dame ka, kuma kada su gusa daga inda na auna su. Na gaskiyar a Kano ake haɗa su, sai nan da sati uku. Gam ɗin da na sa mai rauni ne, da gangan na yi, don in iya cire su ranar. Saboda haka ban da goro, ban da rake, ban da ƙashi, ban da duk wani abu mai danƙo."

"Shanshera fa?"

"Ita ce ma ta farko."

"To ƙara gam ɗin mana, 'yar nan. Ai ba rowar gam za a yi mini ba."

"Ba a ƙarawa. In sun fita kada ka yi musu dabara, ka kawo mini in mayar, aikin minti biyar ne."

"Ka ji ko, Baban Zara?" in ji Yakaka.

"Na ji," in ji Ari, idonsa na kan madubi.

Suna fita ya cire takunkumin ya jefa a kwata. Ya ce wa Yakaka likitoci haka suke, sai su tsorata mutum don ya yi ta zarya. Shi da ya ƙwanƙwasa haƙoran da farce ya ji ƙararsu, ya san ingarman kaya ne.

"Sai ka yi cizon da na ciki ranar gwajin," in ji Yakaka.

"Na ciki? Akuya ce ni? Wa zai ji ƙas daga can ƙuryar baki?" Abin da bai faɗa ba shi ne na cikin goro da shayi mai sukari cokali biyar sun daɗe da mayar da su kogo.

Da la'asar ya dira majalisarsu ta gindin maina a bakin kasuwa, baki a washe tun daga nesa. Ko gaisuwa ba a gama ba ya fara wa'azi. Ya ce ba mura ya yi ba, gyaran kayan aiki ya tafi. Tsofaffin haƙoran ne ya ga sun yi hidima da yawa ya sallame su, ya sa aka kawo masa sababbi na ƙarfen da ake ƙera jirgin sama da shi, aka shafe da farin fenti. Ya ce da su ko ƙusa ya cije sai ta ce ƙas.

Safiyanu na gefen benci yana cin kantun riɗi. Ya gutsuro wani ƙaton yanki ya miƙa da hannu biyu, cikin ladabi, yana kiransa Ba Ari, wato Baba Ari.

"Ba Ari, bismillah. A ɗan taɓa da ƙarfen jirgi."

Ka san kantun da aka cika wa sukari, wanda ya sha rana ya yi danƙo. Mai hankali sai ya ce ya ƙoshi. Ari kuwa ya karɓa, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya kafa masa haƙora. Suka shiga lafiya lau. Fitowar ce ta zama magana. Ya ja, kantu ya ja. Ya sake ja da ƙarfi, sai ya ji wani ɗan fus, iska ta bugi turaku, zafi ya harba masa har tsakar ka. Allah ya so shi hannunsa na rufe da bakin. Ya dunƙule kantu da abin da ke jikinsa ya cusa a aljihu, ya toshe baki da hannun babbar riga, ya miƙe ya kama hanya da ɗan gudu-gudu.

"Ba Ari, lafiya?"

"Mmm! Mmm!" in ji Ari, yana nuna ciki.

Majalisa ta yi masa fatan samun sauƙi, aka ce riɗi haka yake yi wa wasu.

A gida Yakaka ta jiƙa kantu a ruwan ɗumi ta ɓamɓaro haƙoran, ta wanke su tas, ta ɗora a murfin kwano.

"Gobe da sassafe sai asibiti."

"In je yarinyar can ta ce ai na faɗa maka? Allah ya kiyaye." Maganar tasa yanzu da fito take fita, kowace kalma da 'yar iskarta. "Gam ne fa kawai. Kawo mini ƙaro."

"Ƙaro, Baban Zara?"

"Da me ake haɗa tawada? Rubutun da aka yi da ƙaro shekara ɗari yana nan bai motsa ba. Haƙori huɗu ne za su gagare shi?"

Ya jiƙa ƙaro ya yi kauri, ya ɗura a ramukan, ya danna a kan turaku, ya zauna riƙe da su har magariba. Suka kama kuwa. Ya yi ta zagaya tsakar gida yana cewa da ya yi boko da tuni shi ke koyar da likitoci. Da gari ya waye Yakaka ta kawo kunun tsamiya mai zafi, ya kafa kai ya yi kurɓa uku masu kyau, ya ajiye kofi ya fara ba ta labarin yadda zai kunyata mai gwangwani. Sai ya ji labarin na fita da fito. Yakaka ta leƙa kofin, ta sa ludayi ta kwaso.

"Baban Zara," ta ce, "kunun nan dariya yake mini."

Ranar dai ya yarda zai je asibiti. Ya naɗe haƙoran a hankici, ya sayi sabon takunkumi, ya tafi yana bin gefen katanga. Yana leƙa ɗakin jira, wa zai gani a kan benci? Matar Safiyanu, ta zo wankin haƙori, ga waya a hannunta. Ari ya yi baya da baya har ya taka wata akuya. In matar nan ta gan shi, kafin azahar labari ya kai Miga. Ya juya ya nufi rumfar abokinsa Shu'ibu mai faci, wanda ya yi imani babu abin da ya rabu a duniya da ba zai iya haɗawa ba.

Shu'ibu ya juya haƙoran a tafin hannunsa mai baƙin mai, ya hura su, ya ɗaga su a rana.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, Malam Ari. Sholisho ba zai yi ba, shi sai taya. Sufa gulu za a sa. Da shi na manne fitilar babur ɗin nan, shekara biyu ke nan."

"Ka ji masu ilimi! Ita kuwa waccan sai rowar gam."

Suka shige bayan rumfa. Shu'ibu ya matse rabin kwalba a ramukan har ya tumbatsa, ya riƙe masa madubin babur. Ari ya ɗora haƙoran a kan babban yatsa, ya buɗe baki, ya tura sama. Sai dai ya tsaya gyara hula a madubi tukuna, ka san hali. Kafin ya kai su inda za su zauna gam ɗin cikin ramukan ya riga ya daskare, wanda ya zubo ta waje kuwa ya sami yatsa ya riƙe. Ya danna, ya ƙirga ashirin, ya zare hannu. Haƙora suka biyo hannu.

"Shu'ibu, me nake gani?"

"To, ai ka ga ya kama," in ji Shu'ibu. "Na gaya maka gam ɗin ba ya wasa."

Ya yarfe, suna nan. Ya ja, fata ta ce ba ta yarda ba. Haka Ari Ƙas, dillalin dillalai, ya ratsa kasuwa hannu a aljihu, duk wanda ya miƙo masa hannu sai ya dafa ƙirji da hagu kamar mai gaida surukai. Wuni guda Yakaka ta yi tana jiƙa yatsan a ruwan ɗumi da man gyaɗa kafin su rabu, tana yi tana danne dariya.

Yanzu ga sabuwar matsala. Ramukan sun cike da busasshen gam, sun ƙi hawa turaku. Ari ya zauna da allura da reza ya yi ta sassaƙa kwana biyu, har ya wuce gona da iri. Da can sun ƙi shiga, yanzu sun ƙi zama. In ya sa su ya yi shiru suna nan, in ya ce "salamu alaikum" sai su riga shi shiga gida.

"Don girman Allah ka koma wajen likitar nan," in ji Yakaka. "Ko ka je ka gaya wa Alhajin gaskiya, a ɗaga maka zuwa sati uku."

"In ce masa me? Ƙarfen jirgin sama ya kwance? Ke dai kawo cingam."

Ranar gwaji ta zo. Harabar sito na ƙungiyar manoma ta cika maƙil, maza a gaba, mata manoma a gefe ƙarƙashin rumfa. Alhaji Abdulfattah dogo ne marar yawan magana, yana zaune a kujerar roba. An jera buhu uku a buɗe, an ce kowa ya faɗi wanda ya bushe, wanda bai bushe ba, da wanda ke da datti. Ari ya iso cikin babbar riga mai aiki, ya tauna cingam uku da haƙoran ciki ya liƙa abinsa, yana murmushi a hankali kamar amarya. Mutane suka ce yau Ari ya yi nutsuwa, lallai abin babba ne.

Buhun farko, Safiyanu ya zuba ƙwaya a gwangwaninsa, ya duba, ya rubuta a takarda ya kife. Ari ya taho da dabararsa. Ya nannaɗe hannun riga, ya lumshe ido, ya kai ƙwaya bakin leɓe, ya kare da tafin hannu, sannan ya karya ta da farce. Ƙas!

"Ta bushe," ya ce a taƙaice.

Aka buɗe takardar Safiyanu, ita ma haka ta ce. Jama'a suka ɗau sowa. Ari ya ji kansa ya kumbura, hula ta ƙara karkacewa.

Buhu na biyu ma farce ya yi aiki, ƙwaya ta lotse, ya ce da danshi, gwangwani ya yarda. Nan fa gogan ya manta da nutsuwa. Ya juya wajen jama'a yana buga ƙirji, yana nuna Safiyanu da leɓe. Rana kuwa ta take, cingam ya fara laushi.

"Malam Ari," in ji Alhaji Abdulfattah, "an ba ni labarin cizonka tun daga Kano, ga shi kana ta rufewa da hannu. Na ukun nan ka sauke hannun mu gani."

Buhu na uku na Ya Gumsu ne, wata dattijuwa mai gona a bakin kogi, wadda ko shugaban ƙungiya ba ya son haɗa zance da ita. Ta sha rigima da Ari a kan ya ce wa shinkafarta ɗanya. Tana tsaye da hannu a ƙugu tana kallonsa.

Ari ya sunkuya a kan buhun yana jan lokaci, yana tunanin wata dabarar. Ya tsoma hannu ya motsa shanshera, ƙaiƙayi ya taso ya shige masa hanci. Ya danne. Ya ƙara dannewa, ido ya kawo ruwa. Ina!

"Atishooo!"

Fuskarsa na cikin bakin buhu, don haka ba wanda ya ga abin da ya fita. Shi kaɗai ya ji iska ta gaida turaku. Aka yi masa "yarhamukallah." Ya damƙe leɓe, ya zura hannu cikin buhu yana lalube. Ka san shanshera, in abu ya faɗa cikinta, kana motsawa yana nutsewa. Ya zura har gwiwar hannu. Ya zura har kafaɗa, kunci a jikin buhu, ƙafa ɗaya a sama.

"Kun ga aiki!" in ji wani daga baya. "Har gindin buhu yake bincikawa. Gwangwani zai iya haka?"

Aka yi ta tafi. Gumi kuwa ya jiƙe babbar riga sharkaf.

"Ya isa, Malam Ari," in ji Alhaji. "Me ka gani? Ta bushe?"

Ari ya miƙe, ya kare baki da hannun riga, ya gyaɗa kai.

"Datti fa? Tsakuwa, ƙasa, wani abu?"

Ari ya girgiza kai da ƙarfi. So yake a ɗinke buhun a ajiye gefe, in an watse ya dawo ya yi haƙa.

"Ba komai a ciki sai shinkafa?"

"Tas!" in ji Ari daga bayan riga, ya dafa ƙirji.

"Madalla. A juye mu gani."

Aka shimfiɗa tamfol, ƙarti biyu suka kama buhu suka zazzage. Shanshera ta zubo ta yi tudu mai kyau, ja-ja, busasshiya. A can ƙololuwar tudun kuwa, a zaune daram, ga haƙora huɗu farare suna yi wa jama'ar Haɗejiya murmushi, da ɗan jan cingam a jikinsu.

Alhaji ya tashi ya zo ya sunkuya, ya cire tabarau, ya mayar.

"Na ga tsakuwa a shinkafa, na ga ƙusa, na ga takalmin yaro. Wannan kam ban taɓa gani ba. Na wane ne?"

Duk kawunan da ke wurin suka juya gefe ɗaya. Ari ya ƙara cusa fuska a hannun riga, ya waiga baya shi ma, wai yana neman wanda ake kallo.

"Ba Ari," in ji Safiyanu a hankali, "kamar ƙarfen jirgin sama nake gani."

"Nawa suna nan!" in ji Ari ta cikin riga, da fito. "Wannan na biri ne. Wallahi na biri ne! Birai sun yi yawa a gonakin bakin kogi, su ke shiga shanya. Sakacin masu gona ne."

"Biri mai cin cingam?" in ji wani.

"To in har biri na shiga shanyar," in ji Alhaji, "wannan buhun ba zai hau motata ba."

Ya Gumsu ta yi wani tsalle da ba ka ce shekarunta za su yarda ba.

"Shinkafata? Wadda na kwana biyar ina gadi a kan tamfol? Ari, ka dubi idona ka ce biri ya shiga shanyata!" Ta suri haƙoran daga kan tudun, ta juya wajen katangar da kududdufi ke bayanta, ta ɗaga hannu. "Tunda na biri ne, bari in aika wa kwaɗi su gwada!"

"Kai! Kar ki jefa!"

Hannu biyu Ari ya ɗaga sama, baki wangame. Rana ta haska komai. Ga giɓi kamar ƙofar gari, ga 'yan turaku biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ko ɗan akuya ba za su riƙe ba.

Ɗan'uwa, dariyar da aka yi ranar har masu kamun kifi a gada sun ji. Shu'ibu mai faci ya faɗo daga kan benci. Alhaji Abdulfattah, mutumin da aka ce ba ya dariya, ya zauna yana share hawaye da hula. Da ya samu numfashi ya ce buhun Ya Gumsu ya wuce, shi za a fara ɗorawa. Kujera kuwa ta Safiyanu ce, don shi dai gwangwaninsa bai taɓa zuba kayansa a shinkafar mutane ba.

Ari ya tsaya tsuru. Kujera ta tafi, girma ya zube, ga iska na kaɗa turaku, kowane numfashi sai ya ji har ƙwaƙwalwa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kuma yana hannun Ya Gumsu. Ya matsa kusa da Safiyanu ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, karɓo mini mana."

"A'a!" in ji Ya Gumsu, don kunnenta ba ya barci. Ta koma tsakiyar fili, ta ɗora haƙoran a tafin hannu ta miƙa gaba. "Ba na ba ɗan aike. A gaban jama'a aka rantse na biri ne. To birin ya taho da ƙafarsa ya karɓi kayansa."

Jama'a suka dare biyu, suka buɗe hanya.

Kuma wallahi, ɗan'uwa, birin ya je.